Ranar da Ƙamus Ya Feɗe Tarwaɗa a Gaban Masu Kifi

A gidan hayarmu bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na Ƙamus, shagona na aski kuma yana kallon shagon wanki da guga na matarsa. Saboda haka in ya yi tari ina ji, in ya shara ƙarya ma ni take fara samu.

Ƙamus ba sunan yanka ba ne. Shekara ashirin ya yi yana ɗinkin littattafai a wata maɗaba'a. Ranar da aka rufe ta, aka ce kowane ma'aikaci ya ɗauki abu guda ya tafi da shi. Masu hankali suka ɗauki fanka da kujera, shi kuwa ya rungumo wani jibgegen ƙamus na Turanci. Sai da ya iso gida ya lura ashe ƙamus ɗin kashi-kashi ne, wanda ya ɗauko daga harafin F ya fara, a H ya tsaya. Ko a jikinsa. Ya ce ilmin Turawa duk a nan ya taru, sauran haruffan ɓawo ne.

Tun daga nan ya tare a bencin ƙofar shagona. Shekara biyu cur yana karatu da ƙarfi, yana gyara wa mai karanta labarai a rediyo lafazi, yana yi wa masu jiran aski bayanin abin da ba su tambaye shi ba. Matarsa kuwa, wadda duk layin ke kira Uwargida, tana tsallaken titi tana fama da tulin kayan mutane ita kaɗai. Dutsen guga biyu gare ta. Ɗaya yana hannunta daga safe har yamma, ɗayan yana ajiye a gefen tebur yana jiran mijinta.

"Hannun da ya riƙe ilmi ba ya riƙe dutsen guga," in ji shi duk lokacin da ta tada maganar.

"Amma yana riƙe cokali," in ji ta.

Wata Litinin shugaban ƙungiyar masu sayar da kifi ya zo aski. Ya fara tsallakawa ya ba Uwargida farar kwat ɗinsa a wanke, sannan ya zauna a kujerata yana kuka da Turanci. Ya ce masu dafa abinci a manyan otal sun fara sayen kifi a wurinsu, amma in suka bugo waya sai a yi ta miƙa wa juna ita, kowa na gudu. Akwai ma wata kalma da kullum suke maimaitawa, har ya sa an rubuta masa ita a takarda. Don haka ƙungiya ta yanke shawarar ɗaukar malamin Turanci, ya riƙa koyar da su da la'asar bayan an tashi daga kasuwa.

Ƙamus ya fizge takardar. Da ya ga da G kalmar ta fara, sai ya miƙe tsaye, fuskar nan tasa kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

"Gutted! Ranka ya daɗe, wannan ai 'yar gida ce. Na san ta, na san uwarta, na san kakarta. Ka daina neman malami, ga malami a gabanka."

Shugaba ya ce, "To, akwai wata malama da ta riga ka nema. Ranar Alhamis kowannenku zai yi darasin gwaji a rumfarmu. Wanda jama'a suka zaɓa, shi ke nan."

"Malama? Allah sarki. A gaya mata ta zo da littafin rubutu, za ta ƙaru."

Muryar Ƙamus ba ta buƙatar lasifika, don haka Uwargida ta ji komai. Ta ƙetaro da rigar wani a kafaɗa, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Allah ya ba da sa'a, Malam. Amma ga mai aski shaida, ga Shugaba shaida. In ba ka samu aikin nan ba, ranar Juma'a da safe za ka kama dutsen nan na biyu. Bayana ya gaji."

"Na yarda," in ji Ƙamus, yana dukan ƙirji. "In ban samu ba, har safar mutanen layin nan zan goge. Amma shawara nake ba ki, ki sayar da dutsen nan tun yana da daraja, don babu mai taɓa shi."

Da Shugaba ya tafi, Ƙamus ya baje mini shirinsa, ina share gashi yana bina a baya.

"Kalmar nan ma'ana uku gare ta. Kifin da aka cire wa kayan ciki, ɗaya. Gidan da wuta ta cinye cikinsa ta bar bango a tsaye, biyu. Mutumin da baƙin ciki ya rarake, uku. Ita malama da baki za ta faɗa. Ni nunawa zan yi, gani ya kori ji. Zan feɗe kifi a gabansu, in ƙona gida a gabansu, in yi kuka a gabansu."

"A gaban masu kifi za ka feɗe kifi?"

"A gaban wa kake so in feɗe, masu gawayi?"

"Ka taɓa feɗewa?"

"Na karanta."

"Ƙamus, matan nan tun kafin ka fitar da haƙori suke gyaran kifi."

"Da hannu suke yi, ba da ilmi ba. Ara mini askarka."

Na ce askata ba ta shiga cikin kifi ta dawo kan mutane. Ya ce baƙin ciki ne irin na wanda bai yi karatu ba, ya wuce gida ya ɗauki wuƙar yanka burodi.

Ranar Talata ya yi gwajin farko. Ya fito da tebur tsakar gida, ya ɗora filo a kai, ya zana masa ido da baki da gawayi. Ya gaishe da jama'ar da babu su, ya ɗaga wuƙa, ya tsarge filon daga sama har ƙasa. Daidai lokacin iska ta taso. Auduga ta tashi ta bi tsakar gida, ta manne a jikin baƙaƙen wanduna goma sha biyu da Uwargida ta shanya a jiƙe, sauran ta sauka a tukunyar matar direba, maƙwabciyarmu, wadda ta buɗe murfi za ta zuba gishiri.

Matar direba ta yi salati. "Malam, auduga za mu ci yau?"

"Ki yi haƙuri, hanyar ilmi ce ta biyo ta tukunyarki."

"To ka gaya wa ilmi ya canja hanya!"

Uwargida ta shigo, ta dubi wanduna, ta dubi mijinta da auduga har a gira.

"Malam, filon wa ka yanka?"

"Ba filo ba ne, kifin gwaji ne."

"To a kan kifin gwajin nan kake ɗora kai. Nawa yana nan lafiya."

Ranar Laraba ya tafi bakin kogi, don kada masu kasuwa su gane shirinsa, ya dawo da tarwaɗa mai rai, tsawonta ya kai hannuna. Na ce me ya sa bai sayi matacciya ba. Ya ce sabon ilmi sai sabon kifi. Ya zuba ta a bahon wanka, ya cika da ruwa, ya kai banɗakin da duk gidan ke amfani da shi, wai don kada kyanwa ta gani. Bai gaya wa kowa ba.

Direba ya dawo daga tafiya a gajiye, ya shiga wanka. Ya ga baho cike da ruwa, ya yi wa matarsa addu'a a zuci, ya saɓa sabulu har ido, ya miƙa hannu neman ruwa. Ihun da ya yi har shagona. Ya fito a guje da tawul a hannu maimakon a ƙugu, baho ya kife, tarwaɗa ta biyo ruwa ta fito tsakar gida tana wutsil-wutsil ta nufi magudana.

Mu huɗu muka bi ta. Ƙamus bai sa hannu ba, ya haye benci da littafinsa yana ba da umarni.

"Ku tare ta ta gabas! Mai aski, kai ne a gabas!"

Ni na kama ta, ni kuma ta soka da ƙayarta a babban yatsa, yatsan da nake riƙe almakashi da shi. Na ce a buge mata kai kowa ya huta. Ya ce sam, gobe take da aiki. Direba kuwa, da ya samu ya ɗaura tawul, ya rantse in ya sake ganin kifi a banɗaki, da kifin da mai kifin zai haɗa.

Da yamma ya zauna ya gina gidan kwali. Gaskiya dai gaskiya ce, gidan ya yi kyau, don mutumin ya san takarda da gam. Ya yi masa tagogi da ƙofa, ya yi kujeru da kwalin ashana, har da labule. Ya cusa ragowar audugar filo a ciki, ya yayyafa kananzir. Ya tsaya ya duba, ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara. Saura kuka. Ya so ya murza albasa a hankici, amma tun ranar filo Uwargida ta kulle kayan miyarta. Sai ya samo garin barkono wurin mai shagon kusurwa ya barbaɗa, ya ninke. Ya ce hawaye ai hawaye ne, ba a tambayar daga ina ya fito.

Ranar Alhamis da azahar Uwargida ta tafi kai wa mutane kayansu. Ina zaune na hango Ƙamus ya shiga shagonta, ya fito sanye da farar kwat, an goge ta tana ɗaukar ido.

"Ƙamus, ta Shugaba ce fa."

"Farar kwat duk ɗaya ce a duniya. Awa biyu ne, in mayar, ko ƙuda ba zai sauka a kai ba."

"Zanen aro dai ba ya rufe katara."

"Shi ya sa ban ari zane ba."

Uwargida tana da al'ada a aikinta: duk kayan da ta gama, sai ta rubuta mai shi da ranar karɓa a 'yar takarda, ta maƙala da allura a bayan wuya. Da ya juya na ga takardar tana reto a tsakanin kafaɗunsa. Na buɗe baki zan yi magana, sai yatsana ya yi mini zugi. Na rufe bakina, na rufe shago, na taya shi tura baro, baho da gidan kwali da allo duk a ciki.

Rumfar masu kifi doguwa ce, da teburan siminti jere, da sikeli a kan kowanne, firiza biyu suna gurnani a ƙarshe. An wanke ƙasa, an jera benci. Mutum kusan arba'in ne, yawancinsu mata, wasu ko wuƙar aiki ba su cire daga ƙugu ba. A sahun gaba Shugaba ne da wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo, wadda aka ce shekara arba'in tana gyaran kifi a rumfar.

Malama ta fara. Matashiya ce marar hayaniya. Ta koya musu yadda ake amsa waya, da yadda ake faɗin kilo, ta sa suka maimaita. Ta ce kalmar da ke damunsu tambaya ce kawai, ko an gyara kifin an cire kayan ciki. In an gyara su ce e, in ba a gyara ba su ce a'a. Minti goma sha biyar ta koma ta zauna.

Ƙamus ya raɗa mini, "Ka ga irinta? Ta ba su ruwa a cokali. Yanzu za su ga kogi."

Ya fita gaba, ya kafa allo, ya ɗora littafi a kan tebur da ƙarfi har sikeli ya motsa. Shugaba ya ƙura masa ido.

"Malam, kwat ɗin nan taka ta yi kama da tawa."

"Manyan mutane ai ɗinkinsu ɗaya ne, ranka ya daɗe."

Ya gyara murya. "Jama'a, kalmar nan ta girmi kakannin kakanninku. Fiye da shekara dubu da suka wuce, Turawan wancan zamani suna da wata kalma da suke kiran hanji da ita. Masana sun ce danginta ɗaya da wata tsohuwar kalma mai nufin zuba ruwa, don hanji ai magudana ce. Daga sunan hanji aka samu aikin cire hanji. Daga nan aka ara wa gidan da gobara ta cinye cikinsa. Can baya-bayan nan kuma mutanen gari suka ara wa wanda abu ya ɓata wa rai ƙwarai, kamar ɗan ƙwallon da aka cinye a minti na ƙarshe."

Wallahi har nan ya burge ni, jama'a ma sun yi tsit. Da ya tsaya nan ya zauna, da wataƙila labarin ya canja. Amma Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Malam, mun ji tarihi. Yaya ake cewa ƙanƙara? Kullum sai sun tambaya."

Ƙamus ya buɗe ƙarshen littafi, ya rufe. "Wannan tana littafi na gaba, Gwaggo."

"To sikeli fa?"

"Shi yana can gaba sosai."

"Littafin na gaban yana ina?"

"Yana hanya. Kada mu yi tsalle, ilmi hawa-hawa ne. Yanzu ku buɗe ido ku ga yadda ake gyaran kifi a ilmance."

Wata dariya ta taso daga baya, aka danne ta. Ya naɗe hannun kwat, ya buɗe littafi ya danne da gwiwar hannu, ya cusa hannu a baho. Tarwaɗa ta kwana tana tara haushi. Yana ɗago ta ta lanƙwashe ta zabga masa jela a kunci, ta sulluɓe ta faɗa kan tebur, ta zame ta sauka a cinyar Gwaggo. Gwaggo ko tashi ba ta yi ba. Ta riƙe ta da hannu ɗaya a bayan kai, ta ƙwanƙwasa mata ƙotar wuƙa sau ɗaya, ta miƙa masa.

"Ungo, Malam. Na sa ta yi shiru don ta saurari darasi."

"Na gode. Da ma yanzu zan zo wurin."

Ya kwantar da kifi, ya duba littafi. Littafi ya ce a cire kayan ciki, amma bai faɗi ta inda ake shiga ba, don ƙamus ba ya koyar da aikin hannu. Ƙamus ya yi shahada ya ɗora wuƙar burodi a gadon bayan kifin, ya fara gurzawa.

"Ta ciki, Malam!" in ji wata.

"Juya ta!" in ji wata.

"Ku ne malamai ko ni?"

"Kayan ciki dai a ciki suke," in ji Gwaggo, "sai in na Turawa a baya suke."

Ya gurza, ya gurza, wuƙa ta ci karo da ƙashi ta tsaya. Gumi ya keto masa. Ya juya kifin kamar da ma haka ya tsara, ya kafa tsinin wuƙa a ciki, ya danna da hannu biyu da dukan nauyinsa. Abin da ke ciki ya yi tsartuwa. Jini da wani koren ruwa suka wanke gaban farar kwat daga wuya har aljihu.

Mata suka haɗa baki, "Ya fasa maɗaciya!"

Gwaggo ta girgiza kai. "Shi ke nan. Kifin nan yanzu ko kyanwa ta lasa sai ta tofar. Ɗaci ya gama shi."

"Haka ake so," in ji Ƙamus. "Bari in rubuta muku a allo."

Ya juya wa jama'a baya. Takarda ta yi reto. Wata mai kifi da ke sahu na biyu ta miƙa wuya, ta karanta da ƙarfi yadda malama ta koya musu buɗe murya.

"Shugaban masu kifi. A karɓa Juma'a."

Shugaba ya miƙe a hankali.

"Malam, juyo in ga gaban kwat ɗin nan."

Ƙamus bai juyo ba. Ya yi tsalle ya koma bayan gidan kwali. "Ma'ana ta biyu, jama'a! Ku lura da kyau, ciki ne kawai zai ƙone, bango zai tsaya!"

Ya ƙyasta ashana ya jefa ta taga. Kananzir da ya ƙara jiya bai manta da shi ba. Wuta ta yi bum, ta cinye ciki da bango da rufi a numfashi ɗaya, ta lashe masa gira, ta miƙe tana neman tamfol ɗin rumfa. 'Yan sahun gaba suka watse, benci ya kife da mutum biyar.

"Kada kowa ya firgita!" in ji Ƙamus, wanda ya fi kowa firgita. Ya sunkuci bahon da tarwaɗa ta kwana a ciki ya watsa. Ruwan ya tsallake wutar ko ɗigo bai taɓa ta ba. Rabi ya sauka a kan Shugaba, rabi a kan littafin da ke buɗe a tebur.

Gwaggo ce ta jawo jiƙaƙƙen buhu ta kifa a kan wutar, ta mutu nan take. Hayaƙi ya cika wa Ƙamus ido. Ya laluba aljihun wando, ya zaro hankici, ya goge fuska da kyau, ido da hanci duka.

Ban taɓa sanin mutum mai shekara hamsin zai iya irin wannan rawa ba. Ya yi gaba ya yi karo da allo, ya yi baya ya taka hanjin kifi, santsi ya kwashe shi ya zaunar da shi daram a cikin robar ƙanƙara. Yana atishawa, yana hawaye, yana kiran ruwa.

"Wannan ce ma'ana ta ukun?" Shugaba ya tambaye ni, ruwan kifi na ɗiga daga gemunsa.

Na ce, "Ita ce, ranka ya daɗe, amma ta zo kafin lokacinta."

Ba a ɓata lokaci wurin zaɓe ba. Aka ce masu son malama su ɗaga hannu, rumfa ta cika da hannuwa. Aka ce masu son Ƙamus, hannu ɗaya ya tashi, na Gwaggo.

"Ba don Turanci ba," in ji ta, tana share hawaye da gefen mayafi. "A riƙa kawo shi ko sau ɗaya a wata. Rabona da dariya irin wannan tun ina da haƙora duka."

Sai ga Uwargida a bakin rumfa. Ta koma shago ta tarar babu kwat, ba ta kuwa buƙaci mai duba ya gaya mata inda take ba. Ta wuce mijinta ko kallo, ta rusuna ta ba Shugaba haƙuri, ta ce in Allah ya yarda zai karɓi kayansa fes, in tabo bai fita ba ita ta san abin da za ta yi. Sannan ta juyo.

"Malam, tuɓe."

"A nan?"

"A nan ka ɓata ta."

Ya tuɓe, ya rage daga shi sai singileti. Aka zuba masa ruwa a fuska har idonsa ya buɗe. Abin da ya fara gani shi ne littafinsa. Ya jiƙe sharkaf, ya kumbura, shafuka sun manne, ƙarnin kifi na tashi daga ciki. Ya ɗauke shi da hannu biyu, ya gwada buɗe shafi ɗaya, gefen ya yage ya biyo yatsansa. Shekara biyu ina roƙon Allah ya sa mutumin nan ya yi shiru, ranar da ya yi kuwa sai na ji babu daɗi. Tausayinsa ya kama ni sosai, don duk abin da yake taƙama da shi a duniya shi ne wannan rabin littafin.

Muka dawo ina tura baro, yana rungume da littafi a ƙirji, Uwargida na gaba da kwat a leda. A ƙofar shagonta ya zauna a dakali ya ɗora littafin a gwiwa.

"Gobe in shanya shi a rana," ya faɗa a hankali.

"Kafin gobe ya zama bulo," in ji ta. "Kai da ka yi shekara ashirin a cikin takarda ka fi ni sani."

Ya sani kuwa. Ya sunkuyar da kai. Ta jiƙa kwat a ruwan sanyi, ta barbaɗa gishiri a kan tabon. Can ya ɗago ya dubi gefen tebur, inda dutse na biyu yake. Ya kau da kai. Ya sake dubawa.

"Uwargida."

"Na'am."

"Shi wannan abin, in aka rage masa zafi, yana ƙona takarda?"

"Ai sai Juma'a muka yi da kai."

"Tambaya ce ta ilmi."

Ta share hannu a zani, ta jona dutsen a wuta, ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Ta sa bakin wuƙa ta ɗaga shafi ɗaya a hankali, ta sa ƙyalle a ƙasa, ta rufa wani a sama, ta ja da baya. Ba ta miƙa masa dutsen ba. Shi ya miƙa hannu ya ɗauka da kansa, ni kuwa ina tsaye a matsayina na shaida.

"Kada ka danna. Kada ka tsaya wuri ɗaya. Tafi da shi, dawo da shi. Yauwa."

Tururi ya tashi da ƙarnin tarwaɗa. Ya ɗaga ƙyalle. Shafi ya bushe, ya miƙe sumul, rubutu ko ɗigo bai goge ba. Ya yi na biyu, ya yi na uku. A na biyar kafaɗunsa suka fara dawowa inda suke, a na goma murya ta dawo.

"Mai aski, matso ka ga guga irin ta masu ilmi. Ka ga yadda nake karya hannu? Matar nan shekara da shekaru tana yi, amma wannan salon ba ta san shi ba."

Direba ya zo wucewa, ya ja birki da ƙafa, ya leƙo.

"A'a! Ƙamus, kai ne da dutsen guga?"

"Ba guga nake yi ba. Ceton ilmi nake yi."

Uwargida ta sunkuya ƙarƙashin tebur, ta ɗauko baƙaƙen wanduna goma sha biyu, ta dire su a gefen hannunsa.

"To in ka gama ceton ilmi, Malam, ga waɗannan ma suna neman ceto. Ka fara da na direba, da asuba zai yi tafiya."